Dogon hutu: kwamfutar hannu, shagon sana'a, ko a bar yaro da laka da gwangwani?

Ana saura mako 2 a ba da dogon hutu ƙanwata ta kira ni da daddare. Ta ɗauki adashi, kuɗin na hannunta, maigidanta kuma ya ce ta zaɓi abin da za a yi wa yara da su, shi dai kada ya riƙa dawowa daga kasuwa yana tarar da ƙorafin maƙwabta. Yaran 3 ne: babban shekararsa 13, mai bi masa mace ce 'yar shekara 9, sai auta ɗan shekara 4.

"Yaya, so nake su zama masu ƙirƙira, irin yaran nan da ake nunawa a waya sun haɗa tifa da kwali. Makarantarsu ta ce a kawo su lesin hutu. Maƙwabciyata ta saya wa nata kwamfutar hannu. Babansu kuma ya ce a kai babban wajen mai walda. Ni dai kaina ya ɗaure."

Na ce mata akwai hanya ta huɗu da ta manta, wadda ni da ita muka tashi a cikinta, wato a bar yaro da laka da kara da gwangwani a tsakar gida. Ta yi dariya ta ce ai wannan ba zaɓi ba ne, talauci ne. Mun fi awa guda muna ja a kai, kuma na san ba ita kaɗai ce uwar da ke wannan lissafin ba.

Tambaya 2 nake auna kowanne da su. Wa ke yanke abin da za a yi, yaron ne, ko wani babba, ko na'urar? In kuma abin ya lalace a hannunsa, me ke biyo baya, bulala ce, ko asarar kuɗi, ko sake gwadawa? Inda duk yaro ne ke cewa "bari in ga ko zai yiwu", lalacewar abin kuma ba ta jawo masa masifa, a nan fasaharsa ke tsiro. Maganar kuɗi da haɗari da shekaru duk za ta shigo, amma a bayan waɗannan take.

Lesin hutu

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Yana da amfaninsa ga yaron da karatu ya kuɓuce masa a zangon da ya wuce, ko mai shirin jarrabawar shiga sakandare, uwa ma ta samu ta sarara da safe. Sai dai galibi ajin nan ne dai, malamin nan ne, allon nan ne, inifom kawai aka cire. Amsa ɗaya ce daidai, tana kuma cikin littafin malam. In makaranta ta ce tana da ajin zane da ƙere-ƙere, ku je ku dubi bango ranar da aka liƙa aikin yara. In kuka ga kifi 30 duk suna kallon hagu, duk launinsu ɗaya, to kwafa aka koyar. A biya lesin don lissafi da Turanci in da buƙata, amma kada a sa shi a lissafin ƙirƙira.

Tsakar gida da tarkacenta

Wanda ya taɓa haɗa motar kara ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ka zaɓi kara mai ƙwari, ka ɓare ɓawonsa siri-siri ba tare da ya yanke ka ba, ka yayyanka totuwar cikinsa daidai wa daida, sannan ka riƙa soka ɓawon a jikin totuwa har bodi ya tashi. Tayoyi kuma a jikin tsohon silifas ake yanko su, in ba su zo daidai ba motar ta riƙa ɗingishi, yaran unguwa su yi ta yi maka dariya. Ba wanda ya ba ka zane. Rodi ka gani ta wuce da lodin albasa, ka riƙe siffarta a ka, ka dawo kana gwadawa. Ta karye sau 5, ba wanda ya yi asarar kwabo, ka sake. Haka mata da 'yar tsana: a yi mata kitso da zare, a ɗinka mata zane da ƙyallen da aka roƙo wajen tela, a haɗa mata gado da jere da murafun kwalba, a yi mata biki har da kai amarya da tuwon ƙasa. A ma'aunina na sama, wannan ya ci duka tambayoyin biyu, kuma kusan kyauta.

Dogon hutu a damina yake faɗowa, don haka kara sai an jira kaka, amma laka ga ta nan ko'ina. Ga kwali, ga robar lemo, ga gwangwanin madara da na tumatir, ga tsohuwar waya, ga ƙyalle.

Masu kuɗi sukan ce ai kayan wasa na kanti sun fi tsafta da kyau. Gaskiya ne, amma a dubi abin da yaro ke yi da su. Motar batir mai jiniya an gama ƙera ta tun a masana'anta, abin da ya rage masa shi ne ya danna ya kalla. Kwana 3 ya gaji, ya nemi dutse ya fasa ta don ya ga abin da ke kuka a ciki, a zane shi a ce ba ya tattali. Ni a ganina fasawar nan ita ce kaɗai lokacin da ya yi tunani tun da aka saya masa ita. Yawansu ma ba ya ƙara komai. A jami'ar Toledo da ke jihar Ohio ta Amurka an gwada yara 36 'yan wata 18 zuwa 30, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna in kayan 4 ne yaran sun fi daɗewa a kan kowane ɗaya, sun kuma fi samo hanyoyi daban-daban na wasa da shi. In sun yi yawa sai yaro ya ɗauki wannan ya yar, ya ɗauki wancan ya yar.

Cikin kayan kanti, wanda na yarda da shi shi ne bulon haɗawa irin na LEGO, wanda wani kafinta ɗan ƙasar Denmak ya kafa kamfaninsa a 1932, aka kuma yi wa bulon da muka sani yau rajista a 1958. Akwai na wasu kamfanonin masu sauƙin kuɗi a kasuwa, sai dai a gwada kafin a biya, domin wasu ba sa kamawa, yaro ya gina bene ya ɗaga ya zube. Ko a nan ma akwai zaɓi. Kwalin da aka zana jirgi a jikinsa, aka sa takardar da ke nuna mataki-mataki, haƙuri da bin umarni yake koyarwa. Bokitin bulo zalla wanda ba a ce a gina komai ba shi ya fi kusa da laka. In dole sai mai takardar, a bari ya gina sau ɗaya, sannan takardar ta ɓata.

Abin da ya fi ba iyaye wuya a wannan hanyar shi ne riƙe baki. Uba ya ga ɗansa yana fama da taya, sai ya karɓe ya ce "kawo, ba haka ake yi ba". A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun buga wani gwaji da suka yi da yaran da ba su shiga firamare ba. Sun haɗa wani abin wasa mai bututu 4, kowanne da abin da yake ɓoye: wani yana ƙara in an ja, wani da fitila, wani da kiɗa, wani da madubi. Wasu yaran an tsaya an koya musu yadda ake ja ya yi ƙara. Wasu kuma babbar da ke tare da su ta yi kamar bisa kuskure abin ya yi ƙarar, ta miƙa musu. Waɗanda aka koya wa sun fi saurin ajiye shi, kuma ba su gano sauran abubuwan kamar 'yan'uwansu ba. Yaro ya yarda da babba, in babba ya nuna abu ɗaya sai ya ɗauka iyakarsa ke nan.

To ina aibin wannan hanyar? Na farko rauni. Bakin gwangwani yana yanka, tsatsa da ƙasa kuma ba abin wasa ba ne, sai a tabbata yaro ya samu rigakafin sarƙe-haƙora, babba kuma ya dakan masa bakin gwangwanin tukuna. Kada a bar yara su tafi ɗebo laka bakin kududdufi su kaɗai a damina, kowace shekara ana jin labarin da ba a so. Tsohon batir, musamman na mota, a raba su da shi gaba ɗaya saboda dalmar da ke ciki. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a tsawaita masa.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi: hanyar tana da rufi. Yaro zai yi motar gwangwani yana ɗan shekara 7, ya yi wadda ta fi ta yana ɗan 10, daga nan in ba wanda ya buɗe masa wata ƙofa sai ya tsaya, abin ya zama tarihin ƙuruciya. William Kamkwamba na ƙasar Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska mai ba da wutar lantarki da sassan keke da tarkacen bola, bayan yunwa ta sa iyayensa sun kasa biya masa kuɗin makaranta. Masu ba da labarin sukan tsaya a kan tarkacen su manta da ɗakin karatun ƙauyensu, inda ya ga hoton injin a cikin littafi ya yi ta bin zanen. Bola ita kaɗai ba ta taɓa ba kowa wuta ba.

Kwamfutar hannu

A nan ne kuɗin adashin zai fi tafiya, a nan ne kuma ake fi yin nadama. Ba na cikin masu cewa na'urar shaiɗan ce. Abu biyu ne ke zaune a cikin gilashi ɗaya, kallo da yi, iyaye kuma sukan biya kuɗin na biyu su kwashi na farko.

Ga auta ɗan shekara 4 ba sai an yi dogon tunani ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban gilashi, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ya fi. Yaro a wannan shekarun da yatsunsa yake sanin nauyi da laushi da santsi, gilashi kuwa duk abin da ke cikinsa taɓinsa ɗaya.

Daga shekara 8 zuwa sama labarin yana canzawa, in an san abin da za a sa a ciki. Akwai manhajar Scratch da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, an yi ta don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, ana kuma iya sauke ta a yi aiki da ita ba data. Yaro yana jawo umarni kamar bulo yana jerawa: je gaba taku 10, in ka taɓa bango ka juyo, yi ƙara. Da haka yake haɗa wasansa ko ɗan labarinsa mai motsi. Tana da ƙanwa, ScratchJr, ta 'yan shekara 5 zuwa 7. A kan tambayata ta biyu ba abin da ya kai wannan, domin kuskure a nan ba ya cin ko sisi, ba yadi da ya lalace, ba katako da aka ɓata, a goge a sake sau 100. Kuma ba ta da rufin da motar gwangwani ke da shi, mai sha'awa zai iya hawa daga nan har ya kai ga rubuta manhaja ta gaske.

Sai dai sharuɗɗanta suna da yawa. Tana son wuta, ko kuɗin kai caji kullum. Ta fi daɗin aiki a laftof mai madannai, ko da tsohuwa ce, fiye da ƙaramar kwamfutar hannu mai araha, wadda ke cika ta riƙa maƙalewa, gilashinta kuma faɗuwa ɗaya ya tsage. Araha ba ta ado. Sannan tana son babba ko wani yayan da ya ɗan iya ya zauna da yaron kwanakin farko, domin umarnin da menun sai wanda ya iya karatu. Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne, a cikin na'urar nan ɗaya akwai bidiyo marasa ƙarewa da wasannin da ƙwararru suka zauna suka tsara don kada yaro ya iya ajiyewa. Ka ajiye wa ɗan shekara 9 aikin da ke sa gumin ƙwaƙwalwa a gefe guda, alawa a gefe guda, ka fita ka ja ƙofa, ka san abin da za ka tarar. In ba wanda zai tsaya a kai, ba mai cire sim da goge abin da ba a so, ba ƙayyadadden lokaci, to a bar kuɗin.

Akwai wata tsaka-tsakiya da na fi so, wadda ba ta buƙatar sayen komai. A ɗauki tsohuwar wayar gida a cire mata sim, ta zama kyamara da rikoda. Yara su gina motocinsu da gidajensu, su riƙa ɗaukar hoto suna matsar da su kaɗan-kaɗan, in an jera hotunan sai ga mota tana tafiya da kanta. Ko su naɗi muryar kaka tana tatsuniya, su dawo su yi wasan kwaikwayonta su canza ƙarshen, a ce yau Gizo ne ya ci nasara, Ƙoƙi ta kai ƙara wajen sarki. A nan wayar tana yi wa yaro aiki, abin da ake ƙerawa kuma yana ƙasa a gabansa.

Shagon sana'a

Wannan shi ne zaɓin da iyaye maza suka fi so, kuma suna da hujja. Yaro zai ga yadda ake mayar da abu wani abu, zai riƙe kayan aiki na gaske, zai san cewa kujera sai ta zaunu, riga sai ta shiga. Wannan horon ne tsakar gida ba ta bayarwa, domin a gida kowa cewa yake "ka yi ƙoƙari", a shago kuwa kwastoma zai dawo da kaya.

Amma a sani, koyon sana'a a wurinmu da kwaikwayo yake farawa, kafin kwaikwayon ma sai an yi aike. Watannin farko shara ce, da sayo wa oga abinci, da miƙo wannan riƙe wancan. Wanda zai yi shekara 3 ko 4 a shagon ba ya asara, domin idonsa na koyo tun kafin a ba hannunsa. Wanda zai yi mako 6 kuwa yana iya komawa makaranta bai iya komai ba sai sanin inda ake sayar da shinkafa da wake mai yawa.

Ba na raina kwaikwayon. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, tana yarinya ta koyi ginin tukunya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta a garin Kwali, irin ginin matan Gwari na hannu ba da injin juyi ba. Tulunanta masu zanen kadangare da kunama da kifi sun kai fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su, a 1954 kuma ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a garin na Abuja, wanda yau ake kira Suleja. Ta koyi injin juyi da gashi mai ƙyalli, ta ɗora zanenta na gida a kai, abin ya zama nata ita kaɗai. Sai da hannu ya ƙware a kan na mutane tukuna. Haka marinan Ƙofar Mata a Kano, da ake danganta kafuwar karofinsu da 1498: haɗin baba da toka gado ne ba a taɓa shi, amma ƙullin da ake yi wa yadi kafin a tsoma shi, wanda ke fitar da zanen, nan ne mai fasaha ke nuna kansa.

Saboda haka abin dubawa shi ne wace sana'a, kuma wane oga. Sana'o'in da ke zubar da ragowa sun fi dacewa da ɗan hutu. Shagon tela kullum cike yake da ƙyalle, wajen kafinta akwai guntayen katako, wajen baduku akwai yankakkiyar fata, gidan da ake ɗinkin hula ko saƙa akwai ragowar zare. Abin da aka riga aka yafe, yaro zai iya ɓata shi ba a ji ciwo ba. Gyaran waya da na lantarki suna jan hankalin yara maza, amma kayan na mutane ne masu tsada, ba oga da zai bar sabon yaro ya gwada dabararsa a kan wayar kwastoma, sai in kun haɗa shi da matattun wayoyi da rediyoyi daga gida. Walda kuwa ga ɗan shekara 13 linzami ne ya fi ƙarfin bakin kaza. Hasken yana cutar da ido, a shaguna da yawa ma babba da baƙin tabarau na kasuwa yake kare nasa, balle yaron da ke riƙe masa ƙarfe.

Oga kuma a je a zauna a shagonsa yini guda kafin a ba shi ɗa. A ga abin da yake yi in yaronsa ya yanka yadi ba daidai ba. Wanda ke jifa da almakashi ko zagin uwa, ko ya fi kowa iya ɗinki a garin, zai koya wa ɗanku tsoron taɓa abu ne. A yi magana da shi a fili: "Malam, hutu kawai zai yi, ga ɗan abin da za mu bayar, muna roƙon a rage masa aike, a ba shi awa ɗaya kullum ya yi abin da ya ga dama da ƙyalle." Ɗan kuɗin koyon nan shi ke raba ɗalibi da yaron aike. A kuma zaɓi wanda aka san gidansu da halinsa, shagon da ke buɗe ga idon jama'a, mace kuma a kai ta wajen mace.

Wani tarko da ya fi kama 'ya'ya mata: yarinya ta iya saƙa ko zanen lalle ko haɗa sarƙar duwatsu, sai gida ya ga kasuwa. A ce ta yi 10 irin wancan da aka saya. Kafin hutu ya ƙare ta zama ma'aikaciya, ba ta ƙara gwada sabon zane, domin sabo ba lallai a saya ba. Wani tsohon gwaji da aka yi a makarantar renon yara ta jami'ar Stanford, aka buga a 1973, ya taɓo wannan. An ɗauki yaran da dama can suna son zane, aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu ba a yi musu alkawarin komai ba. Da aka dawo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane ba lada, waɗanda aka yi wa alkawarin kusan rabin lokacin da sauran suka yi kawai suka yi suna zane. Ba ina cewa haramun ne yaro ya ci guminsa ba, gidaje da yawa ma suna buƙatar kuɗin. A dai bar mata wani kaso na zaren da ba na sayarwa ba.

Wanda ba ta lissafa ba, ni ma na kusa mantawa

Takarda da fensir. A cikin duk abin da za a saya ba wanda ya kai su araha, kuma suna shiga kowace hanya. Rim ɗaya na farar takarda, ko takardun ofis da aka yi amfani da fuska ɗaya, da fensir da kala, su ishi yara 3 hutu guda. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, sai da ya karanta zanen gine-gine a Birnin Kebbi, sannan ya tafi makarantar zane a Detroit, amma duk matakan nan a kan takarda da fensir aka taka su. Gidan da ba a son zanen mai rai, ko ginin shanu da dawakin laka, filin bai rufe ba. Ga motoci da jirage da gidaje, ga dagi da zanen bangon gidajen Zariya da Damagaram, ga aska takwas ta babbar riga, ga zayyanar allo da almajirai ke yi wa mai sauka. Yaron da ya iya raba fili da layi ya fitar da zayyana mai daidaito ya riga ya shiga lissafi ta ƙofar baya.

Yadda muka raba kuɗin

In shekarun yaro ba su kai 7 ba, tsakar gida ce, ba ta da abokin takara, in ana son kashe kuɗi a sayi bulo da kala. Daga 7 zuwa 11 har yanzu ita ce gindi, a ƙara da kayan aiki na gaske gwargwadon hannunsa, almakashi, allura, gam, ƙaramar guduma, da tsohuwar waya marar sim. Daga 12 ne rufin nan ke fara taɓa kansa, sai a zaɓa masa tsakanin shago da kwamfuta. A nan halin yaron ake dubawa. Mai kwance rediyo da fanka, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, shago ya fi karɓarsa. Mai zama shiru yana tsara dokokin wasa, mai son dara da kacici-kacici, zai fi jin daɗin Scratch, muddin akwai wuta da mai lura. Gidan da ba su, ko yaron irin na biyun ne, a kai shi wajen tela ko kafinta, kwamfuta ta jira.

Ƙanwata ta haƙura da kwamfutar hannun, ba don na fi ta hujja ba, sai don unguwarsu takan kwana 2 ba wuta. Babban an kai shi wajen wani kafinta abokin babansu, daga safe zuwa azahar, da sharaɗin guntayen katako nasa ne. Ta tsakiyar ta samu allura da zare da buhun ƙyalle daga telar gidan, da tsohuwar wayar uwarta. Auta aka zuba masa laka a tsohon baho a gindin bango, aka ce nan ne iyakarsa, kada a ga laka a ɗaki.

Mako na uku ta sake kira. Babban ya kawo wata 'yar kujera mai ƙafa ɗaya gajera, ya ƙi yarda a sa mata dutse, ya ce gobe zai mayar ya rage sauran ukun. Yarinyar ta cika wayar da hotunan 'yar tsanarta cikin kaya kala 7. Laka kuma, ta ce, ta shiga ɗaki, ta shiga randa, ta shiga takalmin babansu na zuwa masallacin Juma'a.

"Yaya, ragowar kuɗin fa?"

Na ce ta sayi sabulu.